Idan an ce miki "thank you", ba kullum "you're welcome" ake mayarwa ba

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban daɗe da fara aiki a wani asibiti a arewacin Ingila ba. Duk wanda ya ce mini "thank you", "you're welcome" nake mayar masa, don ita aka koya mana a makaranta. Amma na lura abokan aikina ba su cika faɗinta ba. Wasu "no worries" suke cewa, wasu "that's all right", wasu ma shiru suke yi. Sannan wata 'yar'uwata da ke Amurka ta ja mini kunne kada in kuskura in ce "no problem", wai rashin ladabi ne. Wacce ce daidai, kuma yaushe ake faɗin kowacce?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. "You're welcome" ɗin da kike faɗi ba kuskure ba ce, kuma babu ƙasar masu jin Turanci da za a ce ba ki da ladabi don kin faɗe ta. Sai dai abin da kunnenki ya tsinto gaskiya ne, a Ingila ba ta da kasuwar da take da ita a Amurka. Ita ma 'yar'uwar taki ba ƙarya ta yi ba, rabin labarin dai ta ba ki. Tushen ruɗanin daga aji yake. An ba mu jimlolin nan biyu a matsayin hadda, in an faɗi wannan sai ka faɗi waccan. Masu harshen kuwa awo suke yi. Mutum yakan duba girman abin da ya yi, ya duba tazarar da ke tsakaninsa da mai godiyar, sannan ya zaɓi abin da zai ce, ko ya zaɓi yin shiru.

Awon nan ba baƙo ba ne a wurinki, da Hausa kullum kina yin sa ba tare da kin tsaya tunani ba. Yarinyar maƙwabta ta gode miki don kin ara mata tsintsiya, sai ki ce "ba komai" ko ki gyaɗa kai kawai. Surukarki ta yi miki godiyar ɗawainiyar da kika yi da ita lokacin da ta kwanta rashin lafiya, ai ba za ki tsaya a "ba komai" ba, sai kin ce "haba Mama, ai yi wa kai ne." Mai shago ya gode da ciniki, ki ce "mu ne da godiya." Duk aiki ɗaya suke yi. Wanda ya yi godiya ya amsa cewa akwai nauyinki a kansa, ke kuma kina sauke masa. Turanci ma haka ne, kalmomin ne kawai suka bambanta, da kuma yawan maganar da ake jurewa.

Masana harshe sun bi diddigin abin. Karin Aijmer, wata farfesa 'yar ƙasar Suwidin, ta yi nazarin hirarrakin Turawan Ingila da aka naɗa, ta fitar da littafi a 1996 kan kalaman yau da kullum irin na godiya da ban haƙuri. Ta nuna cewa amsoshin godiya hanya uku suke bi: ko a ƙanƙantar da alherin da aka yi, ko a nuna jin daɗin yin sa, ko a girmama mai godiyar. Ta kuma lura cewa sau da yawa Baturen Ingila ba ya mayar da komai bayan an gode masa. A 2005 wani Bajamushe mai suna Klaus Schneider ya kwatanta Ingila da Ailan da Amurka, ya tarar Amurkawa sun fi kowa riƙe "you're welcome", mutanen Ingila kuma sun fi karkata ga irin su "that's okay". To kin ga shirun abokan aikinki ba wulaƙanci ba ne, ba kuma don ke baƙuwa ce ba. Haka suke yi wa junansu.

Inda kike, rukunin ƙanƙantar da alheri shi ne mai yawan ciniki, wato dangin "ba komai". A cikinsu "that's all right" da "that's OK" su ne na tsaka-tsaki, suna tafiya da babba da yaro, da likita da mai shara. "Not at all" ta fi su ɗan kwarjini, kuma ta Birtaniya ce sosai. In tsohuwa mai shekara tamanin ta ce miki "thank you so much, dear", kika ce "not at all", kin dace da kunnenta. "Don't mention it" daidai take, amma ta fara tsufa, a bakin dattawa za ki fi jin ta. "It's no trouble" ko "no trouble at all" kuwa tana da amfani na musamman a aikinki, domin majinyatan Ingila, musamman tsofaffi, godiyarsu a cakuɗe take da ban haƙuri. Za ki ji mutum ya danna ƙararrawa, kin zo, yana cewa "sorry to bother you, thank you". Abin da ke damun sa shi ne ya takura miki. Amsar da za ta warkar da wannan damuwa ita ce wadda ta ce babu takura, ba wadda ta ce an karɓi godiya ba.

"No worries" daga Ostareliya ta fito, ta bazu Birtaniya har ta zama ruwan dare a bakin matasa da masu matsakaicin shekaru, yanzu ma ta ƙetara Amurka. Tsakanin abokan aiki babu abin da ya fi ta sauƙi. In kika haura Sikotilan ko kika ƙetara Ailan, "no bother" za ki riƙa ji a madadinta.

Sai "no problem", wadda aka tsorata ki da ita. Gardama ce ta gaske a Amurka, kuma galibi tsakanin tsofaffi da matasa take. Dattijo ya shiga gidan abinci, ma'aikaci ya kawo masa ruwa, ya yi godiya, yaron ya ce "no problem". Sai ran dattijon ya sosu. A nasa lissafin, wa ya ce akwai matsala tun farko? Aikinka ne, kuɗi nake biya, don me za ka nuna mini kamar na ɗora maka wahala ka yafe? Shi kuma yaron a nasa lissafin tawali'u ya yi, yana nufin abin bai kai a gode masa ba. Har ma matasa da yawa a can suna jin "you're welcome" da nauyi, kamar mai faɗinta yana cewa lallai na yi maka alheri, kuma godiyar ta cancanta. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai ladabi, ɗayan ne ya kauce. Shi ya sa wasu otal-otal da gidajen abinci a Amurka suke hana ma'aikatansu faɗin "no problem" ga kwastoma. Ina kyautata zaton nan 'yar'uwarki ta samo gargaɗinta.

Ra'ayina shi ne, dattawan sun matsa wa kalmar da yawa. Babu mai cewa "ba komai" yana nufin dā akwai komai. Amma harshe ba a kotu ake shari'arsa ba, a kunnen mai sauraro ake yi, kuma ke aikinki da tsofaffi ne marasa lafiya. Don haka ki bar "no problem" ga abokan aiki da tsararrakinki da matasan majinyata. Ga dattijo, ko dangin majinyaci da ke cikin tashin hankali, ko babban likitan da ba ku saba ba, ki ɗauki wata. Ba don haramun ba ce, sai don akwai waɗanda suka fi ta dacewa kuma ba su da tsada. A Ingila ma gardamar ba ta kai zafin ta Amurka ba.

Ita kanta "you're welcome" tana da wurinta a Ingila, kuma wuri ne mai daraja. Tana fitowa idan godiyar ta fito daga zuciya, an kalle ki ido cikin ido an faɗe ta. Majinyaci zai koma gida, ya tsaya ya ce "thank you for looking after me", a nan "you're very welcome" ta zauna daram, kalmar "very" ɗin nan tana ƙara mata ɗumi. Inda take yin yawa shi ne ƙananan abubuwa. Kin miƙa wa abokiyar aiki biro, ta ce "ta", wato ƙaramar godiyarsu, ke kuma kika miƙe kika ce "you are most welcome". Wannan kamar a naɗa rawani a sa alkyabba ne don zuwa sayen ashana a ƙofar gida. Ba laifi aka yi ba, amma za a kalle ki.

Akwai kuma wani amfani nata da ya kamata ki sani don kada ki faɗa ciki da rashin sani. Turawa suna yin gatse da ita. Mutum ya riƙe wa wani ƙofa, wancan ya wuce bai ce uffan ba, sai mai riƙe ƙofar ya ɗaga murya ya ce "you're welcome!" Ma'anarsa, kai marar tarbiyya, ina godiyar? To a Najeriya mun saba tarbar baƙo da "you are welcome", muna nufin sannu da zuwa. In kika tarbi dangin majinyaci da ita a bakin ƙofa alhali ba su gode miki a kan komai ba, wani zai tsaya yana tunanin ko ya manta da wata godiya ce kike yi masa habaici. Wajen tarba, "hello, come in" ko "nice to see you" ake cewa, wanda ya dawo daga hutu kuma a ce masa "welcome back". Haka nan kada ki gutsure ta ki ce "welcome" kaɗai a matsayin amsar godiya. Ana yin haka a Turancin Indiya da wasu ƙasashe, za ki ji ta a bakin abokan aikinki da suka fito daga can, kuma kowa zai gane, amma ba ita ce ta 'yan ƙasa ba.

Rukunin nuna jin daɗi ya ƙunshi "my pleasure", "it's a pleasure", ko "pleasure" kaɗai, wadda 'yan Ingila suke faɗi da sauri, sai "happy to help" da "glad I could help". "My pleasure" ta yi suna a Amurka saboda gidan abincin Chick-fil-A, inda ma'aikata suke amsa kowace godiya da ita. Wanda ya kafa kamfanin, Truett Cathy, a otal ɗin Ritz-Carlton ya ji ana faɗinta, ta burge shi, ya nemi ma'aikatansa su ɗauka. Kalma ce mai kyau, amma a asibiti sai da lura. Kina iya faɗinta ga wanda kika nuna wa hanyar ɗakin hoto, ko ɗalibar jinyar da ta gode miki don kin koya mata wani abu. Ba a faɗinta bayan an yi wa mutum abin da ke da ciwo ko kunya, kamar sa robar fitsari ko wanke gyambo. Ba a kuma taɓa faɗinta a wurin mutuwa. In ɗiyar mamaci ta ce "thank you for everything you did for Dad", kika ce "my pleasure", kin ce kin ji daɗi a ranar da mahaifinta ya rasu. A irin wannan wuri "no problem" da "no worries" ma sun zama ɗanyen aiki. Abin da ake cewa shi ne "I'm so sorry for your loss", ko "it was a privilege to look after him", wato alfarma ce gare ni da na yi jinyarsa. Wani lokaci ki riƙe hannunta ki gyaɗa kai, ya wadatar. Haka in kin je ta'aziyya aka ce "thank you for coming", amsar ita ce "of course", a hankali, ma'ana ai dole in zo.

Kada kuma ki haɗa "my pleasure" da "with pleasure". Ta biyun kafin a yi aikin ake faɗinta, lokacin da aka roƙe ki abu kika amsa. Ta farkon ce ke zuwa bayan godiya.

Ga majinyacin da ke ta godiya yana jin nauyinki, akwai jimlar da ma'aikatan jinya a can suke yawan amfani da ita: "that's what I'm here for", ko "that's what we're here for", wato ai don haka muke nan. Tana sauke nauyi ba tare da ta yi sanyi ba. Ki lura da bambancinta da "it's my duty" ko "it's my job", waɗanda mu muke ɗauka tawali'u ne, kamar yadda Larabawa suke cewa babu godiya a kan wajibi. A kunnen Bature kuwa suna iya fita da ma'anar ba don kai na yi ba, dole ce ta sa ni.

Idan alherin babba ne, gajeriyar amsa tana zama raini. A ce abokiyar aikinki ɗanta ya kwanta asibiti, kika karɓe ta aikin dare kwana da kwanaki, ta zo idonta da ƙwalla tana godiya. In kika ce "no problem" kika juya, kin yi wa godiyarta riƙon sakainar kashi. Nan ake ɗan tsawaitawa: "I'm just glad I could help", ko "you'd have done the same for me", wato ke ma da haka za ki yi mini, wadda ita ce mafi kusa da "yi wa kai ne". Akwai kuma "it's the least I could do", ma'ana wannan ne mafi ƙarancin abin da ya kamata in yi. Sannan ki tambayi jikin yaron. Tambayar nan ta fi duk jimlolin aiki, domin ta kawar da zancen daga kanki ta mayar da shi kan abin da ke zuciyarta.

Akwai wuraren da godiya ake mayar wa godiya. A kanti, mai karɓar kuɗi zai ce "thank you", ke ma ki ce "thank you" ko "thanks". In kika ce masa "you're welcome", kamar kina nuna alfarma kika yi masa da kika sayi burodi. In an kira ki ganawar neman aiki aka ce "thank you for coming in", amsarki "thank you for having me" ce, ko "thank you for seeing me". Ki saurari BBC ki ji yadda baƙi suke rufe hira, mai gabatarwa ya gode musu, su ce "thank you" ko "thanks for having me". Sirrin yana wurin nauyin murya. Mai fara godiya yana danna kalmar farko, mai mayarwa kuma yana danna ta biyu, "thank YOU", ma'ana a'a, ni ne da godiya. In ba ki danna "you" ɗin ba, sai ya zama kamar maimaita maganarsa kawai kika yi.

"Cheers" za ta riƙa zuwa miki sau da yawa a yini. Asalinta kalmar ɗaga kofi ce a wurin shan giya, amma kada wannan ya dame ki, a Birtaniya ta daɗe da zama "na gode" ta yau da kullum, wani lokaci ma "sai an jima". Fasinjoji suna faɗa wa direban bas ita in za su sauka, a Bristol da kudancin Wales har "cheers, drive" suke cewa. "Ta" ma haka take, ƙaramar godiya ce, kuma a arewacin Ingila inda kike tana da yawa. Waɗannan ba sa neman amsa. Murmushi ya isa, in kin ga dama ki ce "no worries" ko "that's OK". Ƙaramar godiya, ƙaramar amsa ko babu.

In wata rana kika ziyarci 'yar'uwarki a Amurka, za ki tarar da wasu da ba a cika ji a Ingila ba: "sure", "sure thing", "you bet", "you got it", har da "uh-huh" ko "mm-hmm" da ake yi da baki a rufe. Baƙo yakan ji ta ƙarshen nan kamar an share shi, amma a wurinsu karɓar godiya ce cikin sauƙi. Ba na ba ki shawarar ɗauko su zuwa Ingila, domin "sure" a can tana iya fita a bushe. "Anytime" kuwa ta kowa ce, ma'anarta ko yaushe kika buƙata ina nan. Ki faɗe ta ga wadda da gaske kike shirye ki sake taimaka wa, domin akwai masu riƙe ta a matsayin alkawari, musamman wajen musayar ranakun aiki.

Yanzu ga kayan da muka taho da su daga gida. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, ba na cikin masu kiran sa gurɓatacce. A Kano ko Kaduna "don't mention" daidai take, kowa ya gane. A Ingila sai kin cika ta da "it", in ba haka ba za a ji jimlar a guntule. "No wahala" ki ajiye ta ga 'yan gida, waɗanda ba za ki rasa su a asibitocin can ba. Wadda ta fi haddasa rashin fahimta ita ce "thank God" ko "we thank God". Mu muna nufin godiya ta tabbata ga Allah, ni ba komai ba ce, kuma niyya ce mai kyau. Amma a bakin Bature "thank God" ajiyar zuciya ce, irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya ko ya rabu da alaƙaƙai. Majinyaci ya ce "thank you, I'm going home today", kika ce "thank God", yana iya ɗauka murna kike yi zai tafi ki huta. Tsakaninki da Musulmi 'yan'uwanki kuwa, wanda ya ce "jazakillahu khairan" ki ce "wa iyyaki" ko "wa iyyaka" yadda kika saba, ko da sauran hirar da Turanci ake yi.

Fassara "ba komai" kai tsaye ma tana jefa mutane a rami. "Nothing" kaɗai ba amsa ba ce. "It was nothing" ita ce cikakkiya. "Never mind" da "it doesn't matter" kuwa na ban haƙuri ne, ana faɗa wa wanda ya yi kuskure ko ya yi hasara, ba wanda ya yi godiya ba. Abin da ke rikita mu shi ne "ba komai" tana amsa godiya tana kuma amsa ban haƙuri. A Turanci "that's all right", "no problem" da "no worries" su ma suna yin aikin biyu, amma "you're welcome" ba ta amsa "sorry" ko kusa. In wani ya taka ki ya ce "sorry" kika ce "you're welcome", kin gayyace shi ya ƙara. "Same to you" ita ma ba ta godiya ba ce, ta fatan alheri ce, kamar in an yi miki barka da sabuwar shekara.

Sai maganar "ma" da "sir". Tarbiyyarmu ba ta yarda mu amsa wa babba gatsau ba, don haka bakinki zai so ya ce "you're welcome, ma". A Ingila ba a kiran mace "ma", wasu ma za su ji kamar kin ce musu inna. "Sir" da "madam" na manyan kantuna da otal ne. A asibiti sunan mutum ake kira, Mrs wance ko Mr wane, har sai ya ce ki kira shi da sunansa na yanka. A kudancin Amurka ne "ma'am" da "sir" suke da rai sosai. Su kuma majinyatan za su riƙa kiran ki "love" ko "dear", a wajen Newcastle "pet", a wajen Nottingham da Stoke "duck", a Glasgow "hen". Ba kwarkwasa ba ce, ba raini ba ne, sabo ne na yanki, maza da mata duk suna faɗi. Ki karɓa, amma kada ki yi gaggawar mayarwa, domin akwai tsofaffin da ba sa son ma'aikaci ya kira su da irin waɗannan sunaye.

Wani bambanci da ba ya cikin kalmomi shi ne tsawon zancen. Mu mun ce yaba kyauta tukuici, muna gode wa mutum yau, mu sake gobe, mu aiko wani ya taya mu godiya, shi kuma mai alherin kullum yana da sabuwar amsa. A Ingila sau ɗaya ake yi, in ya yi yawa sau biyu, sai a wuce. In wani ya nace da godiya, kalmar "honestly" ita ce birki: "honestly, it's fine", ko "honestly, it was no trouble". Daga nan ki sauya zance. In kuma dangin majinyaci suka kawo muku kati da kwalin cakulan, wanda al'ada ce a asibitocin can, godiya ta dawo kanki, sai ki ce "that's very kind of you" ko "oh, you shouldn't have". Ta biyun ba ƙin karɓa ba ce, daidai take da "haba, har da ɗawainiya?"

Wuri ɗaya ne zan ce ki rage kawaici. In shugabar sashenku ta gode miki a kan aikin da kika yi da ƙwarewa, misali kin lura jikin majinyaci yana rikicewa kafin kowa ya farga, kada ki ce "it was nothing". Ba komai ba ne? Ai komai ne, kuma ita ce za ta rubuta rahoton aikinki. Ki ce "thank you, I'm glad we caught it early", ko "thanks, I appreciate that". Kin karɓi yabon, ba ki yi alfahari ba, ba ki kuma zubar da aikinki ƙasa ba.

A rubuce abin ya fi sauƙi. In an aiko miki imel ba komai a ciki sai "thanks", ba ya buƙatar amsa, kuma kada ki mayar wa duk mutanen da ke cikin saƙon don ki ce "you're welcome". A WhatsApp na abokan aiki za ki ga "np" da "yw", gajerun "no problem" da "you're welcome" ne, alamar babban yatsa ma tana wadatarwa. In za ki rubuta ta cikakkiya, "you're" ce mai ɗauke da waƙafin sama, ba "your" ba. Turawan kansu suna yawan yin wannan kuskure, kada ki kwaikwaye su.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a nan muryar ma tana cikin fuska. "That's all right" da aka faɗa da sakin fuska, murya ta ɗan tashi a ƙarshe, ta fi "you're most welcome" da aka faɗa ana kallon kwamfuta. Ki kuma kula da harafin "p", domin biyu daga cikin amsoshin da za ki fi amfani da su, "no problem" da "my pleasure", da shi suke tafiya, mu kuma Hausawa bakinmu yakan karkatar da shi zuwa "f". Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓɓanki, ki rufe su ruf, sannan ki sake su da ƙarfi. In takardar ta yi tsalle lokaci guda, "p" kika faɗa. In iska ce ta riƙa zirarowa a hankali tana kaɗa ta, leɓɓan ba su haɗu ba, sai ki sake.